Shekarar da Na Hana a Fasa Suri

Ƙarfe bakwai da rabi na safiyar wata Laraba ne, tsakiyar damina, dawa ta kai gwiwa. Waɗanda suke wurin su ne ni, da yayana Shehu wanda kuke kira Baba Babba, da mahaifiyarmu Inna a kan kujera 'yar tsuguno bakin ƙofar baya, da uwarku Lami riƙe da ƙwarya, da wasu leburori biyu da Yaya ya ɗauko daga bakin kasuwa, kowanne da diga a kafaɗa. Kai Sani kana goye a bayan uwarka. Bilkisu da Nura ba a haife ku ba. Saboda haka duk abin da kuka sani game da wannan safiya a bakin mutane kuka ji shi, kuma a karkace suka ba ku. Cikin 'yan gidan da suka tsaya a wurin ni kaɗai na rage. Zan faɗa muku daki-daki, ku karanta a jere, kada ku tsallake zuwa ƙarshe.

Sai na fara da gidan. A wancan lokaci gidanmu na gado shi ne na ƙarshe a unguwar, ta wannan gefe na Kontagora. Bayansa gayauna, bayan gayauna gonakin mutane. Ni da Yaya zaure ɗaya muke shiga, kowa da sashensa, Inna a tsakiya. A kusurwar gayaunar, inda aka taɓa sare wata ɗorawa, akwai suri da ya kai mini ƙirji. Kun san ni kafinta ne, ba ni da abokin gaba kamar gara. Tun kafin in yi aure nake cewa zan rushe shi, aiki ya hana.

Sai uwarku. Bakambariya ce daga wani ƙauye kusa da Ibeto, na san ta ne da na je buga rufin wasu azuzuwa a can. A gidan ubanta akwai masu zuwa coci, akwai masu salla, akwai tsofaffi da suka riƙe al'adar kakanni, kuma duk kwano ɗaya suke sa wa hannu. Ita tana salla tun kafin in san ta, a wurin gwaggonta ta koya. Na faɗi wannan ne don an yi ta cewa aure ne ya sa ta ɗaura ɗankwali ta fuskanci gabas. Ba haka ba ne. Hausarta dai tana da nauyin Kambarci, matan unguwa suna kwaikwayonta idan ta ba da baya, ita kuma ta sani, sai ta rage magana. Mace ce da ta baro gida mai cike da surutu ta zo ta zauna inda ba wanda zai ce mata sannu da harshenta.

Daminarta ta fari a gidan, wata safiya bayan an kwana ana ruwa, ta shigo da ƙwarya cike da wasu abubuwa farare ƙanana, kansu kamar maɓallin riga, ƙafarsu kamar tsinken tsintsiya. Fuskarta a sake, irin sakin da ban gani ba tun ranar da aka kawo ta.

"Je ki zubar," na ce. "Laimar kwaɗi ce, tana kisa."

"Malam, kai dai katako ka sani," ta ce. "Wannan naman kaza ne, ɗan ƙaramin. Gara ce take noma shi. A garinmu in mace ta samu suri mai ba da shi, ko ƙanwarta ba ta faɗa wa."

"Ni me ya sa kika faɗa mini?"

"Kai ba ka iya durƙuso ba."

Ta dafa, na ci da tsoro, na kwana lafiya, da safe na tambaya ko akwai saura. Tana da sunansa da Kambarci, harshena bai taɓa iya riƙe shi ba. Daga ranar na bar zancen rushe suri. Na haƙa rami tsakaninsa da katanga, na shafe duk azara da ƙyauren gidan da baƙin mai, na Yaya ma na shafa masa.

Yanzu ga abin da mutane suka gani. Abin nan ƙarami ne ƙwarai, ba ya tsintuwa a tsaye ko a sunkuye, dole mutum ya sa gwiwa a ƙasa ya kai fuskarsa kusa, yana zare shi ɗaya-ɗaya da farce. Kuma da sassafe ake yi, don in rana ta ɗaga tsutsa ta shige shi, kaji su ƙarasa. Wannan ɗaya ke nan. Na biyu, uwarku ba ta magana idan tana tsinta. Haka ta ga uwarta tana yi. Na taɓa tambayarta ko camfi ne, ta ce camfin shi ne in ka buɗe baki maƙwabta su zo da tasu ƙwaryar. Na uku, idan ta gama takan zuba wa surin karan dawa da busasshen kashin shanu, ta yayyafa ruwa, wai in gara ta ƙoshi a ɗakinta ba za ta shigo namu ba, kuma baɗi za ta sake bayarwa. To ku haɗa ukun nan, ku tsaya a bayan danga ku leƙa. Mace Bakambariya, gari bai gama wayewa ba, gwiwa a ƙasa gaban suri, goshi kusa da ƙasa, ba ta amsa gaisuwa, sannan ta zuba masa abinci ta tafi.

Maƙwabciyarmu Gwaggo Asabe ce ta leƙa. Ta gaishe ta har sau uku, uwarku ta ɗaga mata hannu kawai. Kafin Juma'a magana ta zaga unguwa, kafin wata Juma'ar ta shiga masallaci. Yaya kuwa shi ne yake jan salla idan liman ba ya nan. Mutum ne mai tsoron Allah, mai tsoron bakin mutane kuma, ban san wanne ya fi yawa ba. Wani dattijo ya tare shi a bakin masallaci gaban jama'a ya ce, ashe mai jan mu salla a bayan gidansa ake yi wa suri sujada. Yaya bai tambaye ni ba, bai tambayi uwarku ba. Leburori ya ɗauko.

Da suka shigo uwarku ta gama tsinta ke nan, ta miƙe da ƙwaryarta. Na ji hayaniya na fito daga inda nake wasa zarto. Kan danga duk kawunan mutane ne, mata da yara.

"Ku fasa shi," in ji Yaya. "Ku tone har uwar garar, ku ƙona."

"Yaya, a dakata," na ce. "Me ya faru?"

"Kai ne ba ka san me ya faru ba. Duk garin nan an sani. Ka kawo mana abin da ka kawo, mun yi shiru. Amma ba za a yi shirka a gidan ubana ina raye ba."

"Abinci take tsinta. Ga shi a ƙwarya. Ni na ci, ba sau ɗaya ba."

"Shi ya sa ba ka gani."

Na juya wajen uwarku. Ba ta yi kuka ba, ba ta rantse ba. Ta gyara goyonka, Sani, ta matso kusa da ni ta yi magana ƙasa-ƙasa yadda ni kaɗai zan ji.

"Malam, ƙasa ce, su fasa. Kada ka ɓata da ɗan'uwanka saboda miya. Amma ka sani, in sun fasa a gaban mutanen nan, an gama. An kama ni ke nan, an rushe gunkina. Yaron nan haka za a riƙa nuna shi."

Ni ba mai saurin tunani ba ne, sai na auna abu sau biyu kafin in yanka. A tsayen nan na auna. In na bari aka fasa, Yaya ya wanke kansa a masallaci, gida ya zauna lafiya, ƙarya kuma ta zama gaskiya a kan matata har abada, da sa hannuna. In na hana, na saɓa wa yayana wanda ya riƙe ni bayan rasuwar ubanmu, shi ya kai ni koyon kafinta, ban taɓa ce masa a'a ba. Na je na tsaya tsakanin leburorin da surin. Na ce musu su yi haƙuri su koma, babu aiki. Na ɗaga murya yadda na kan danga za su ji, na ce duk mai son sanin abin da ake yi a nan ya shigo ya zauna, yanzu za a dafa a gabansa.

Ba wanda ya shigo, ba wanda ya tafi. Uwarku ta hura wuta a nan tsakar gayauna. Ina tsaye a kanta, don haka na ga komai a jere. Ta fara datse gindin kowanne da farce, inda ƙasa take manne. Ta zuba su a ruwa, ta tsame da hannu zuwa wata ƙwarya, ba ta tsiyaye ba, don yashi ya zauna a ƙasa. Ta yi ta canja ruwa har ya fito fes. Ta narka man kaɗe da albasa har warinsa ya tafi, ta sa dakakken barkono da daddawa, sannan ta juye naman kazan ba tare da ɗigon ruwa ba, domin shi yake kawo nasa ruwan. Da ya tsotse ya yi ƙamshi kamar ana soya hanta, ta ƙara ruwa kaɗan, gishiri, 'yar kanwa, ta zuba ɗanyar kuɓewa ta kaɗa. Akwai tuwon dawa na jiya, ta ɗumama. Ta zuba kwano uku, ta durƙusa ta ajiye wa Inna, ta ajiye wa Yaya, ta ajiye mini.

Inna ta yi bisimilla da ƙarfi ta sa hannu. Ta ci loma uku. Kun san ba ta kiran sunan Yaya, ɗan farinta ne, sai da ni ta yi maganar.

"Garba, ka gaya wa wancan ya zauna ya ci. Rabona da naman da bai nemi haƙori a wurina ba tun ubanku yana da rai. In aljanu ne suka dafa wannan, sun fi matan unguwar nan hannu."

Wasu a kan danga suka yi dariya. Ina ganin dariyar nan ce ta ƙarasa lalata al'amarin, don Yaya ya ɗauka da shi ake. Ya sa ƙafa ya ture kwanon gefe, bai zubar ba, ya ture dai. Ya dube ni.

"Ka zaɓa ke nan."

"Ban zaɓi kowa ba, Yaya. Ƙarya na ƙi."

"To ka zauna da surinka."

Da kaka, bayan an yanke dawa, ya kwashe iyalinsa ya koma wani gida can hanyar Rijau. Kuma ya tafi da Inna. Shi ne babba, haƙƙinsa ne, ba wanda zai ce don me. Inna ba ta so ba, amma ba za ta bar ɗan farinta ya fita shi kaɗai mutane suna kallo ba. Ranar tafiyar ni na ɗaure gadonta a kan amalanke, gadon da na yi mata da hannuna. Ta kama hannun uwarku ta ce, 'yar nan, ki riƙa shanya mini rabona. Da damina ta zagayo uwarku ta shanya a faifai kan rumbu, ta ƙulle a ƙyalle, na kai. Matar Yaya ta karɓa a zaure, ta dawo mini da shi ba a kwance ba, ta ce maigida ya ce kada ya shiga tukunyarsa. Ban sake kaiwa ba. Kowace Juma'a bayan masallaci ina zuwa gaida Inna. Yaya yakan amsa sallamata kamar yadda ake amsa wa mai tallan itace, ya tashi ya fita. A can ta rasu, damina biyu bayan haka, ina wurin aiki a Bangi. Kafin saƙo ya same ni an kai ta.

Gidan nan mai sassa uku ya koma namu mu biyu da jariri. Na rufe ɗakin Inna da sashen Yaya, ina buɗewa lokaci-lokaci in share in duba gara. Aiki ya ja baya a unguwa, sai na riƙa fita ƙauyuka, Sahon Rami da su Ibeto, inda ba wanda ya damu da abin da ke bayan gidana. Na daina tsayawa hira bayan salla, in an sallame in ɗauki takalmina. Uwarku ta fi ni ɗanɗanawa. Ba a aiko mata goron biki, ba a kiranta suna. In ta je rijiya hira takan mutu har sai ta cika tulu ta tafi. Da aka haife ki, Bilkisu, matan da suka zo barka ba su cika tabarma ɗaya ba, kuma rabinsu daga Ibeto suka zo. Ban taɓa jin ta ce da na bari an fasa ba. Ni ma ban faɗa ba. Mukan zauna da yamma a tsakar gida, tana gyaran kuɓewa ina gyaran kujera, gidan ya yi mana girma.

Ku ma kun biya naku, ban manta ba. Na san a makaranta ana ce muku 'ya'yan mai suri. Na tuna ranar da Nura ya dawo da leɓe a fashe ya ƙi faɗin dalili. Na san shi ya sa ba ɗayanku da ya taɓa yarda ya sa miyar nan a baki tun da kuka yi wayo, kuna cewa ba kwa son warin man kaɗe. Uwarku takan dafa muku kuka daban, ta ba ku, mu ci tamu mu biyu. Ba ta tilasta muku ba, ta kuma hana ni in tilasta. Ban yi nadamar tsayuwar da na yi a safiyar nan ba, yau ma aka dawo da leburorin a nan zan tsaya. Amma ban ce a banza na same ta ba, kuma ban ce ni kaɗai na biya ba. Yaya ya rasu ba mu ci abinci kwano ɗaya ba. Na yi masa wanka, na sa shi a kabari da hannuna, ina roƙa masa gafara har gobe.

A daminar ƙarshe ta uwarku, da ciwo ya hana ta fita, ta ce in ɗauko ƙwarya. Na ɗauke ta na zaunar a bakin ƙofar baya, tana nuna mini da baki.

"Sa gwiwa ƙasa, Malam, ba wanda zai kama ka. Na jikin suri kaɗai, farare, masu fitowa a tare kamar an watsa gero. Wanda ka gani shi kaɗai a kan kashin shanu ko ruɓaɓɓen itace, ko ya yi kyau kamar amarya, ka bar shi. In ka yi shakka ka bar shi. Kada ka kwashe duka. Kai, a hankali, ba ƙusa kake zarewa ba!"

Na dafa, ta ɗanɗana, ta ce yashi ya yi yawa, kanwa ma ta yi yawa, amma ga kafinta ba laifi. Ta rasu kafin a yanke gero. Daga nan kowace damina ni nake tsinta, ni nake zuba wa surin kara, ni nake dafawa, in zauna in ci ni kaɗai. Waɗanda suka yi mata ƙazafi yawancinsu sun mutu. Unguwa ta cika da baƙi, gidaje sun wuce mu har gonakin da. Amma sunan bai mutu ba, har yanzu in ɗan acaɓa zai kawo baƙo, gidan mai suri ake ce masa.

Bara gwiwata ta ƙi. Abin ya fito fari fat, ya rufe gefen surin kamar an shimfiɗa zane. Na gwada durƙusawa da sanda, na ga in na sauka ba mai ɗaga ni. Na ɗauko kujera na zauna ina kallo har rana ta ɗaga, kajin maƙwabta suka shigo ta ƙasan danga suka cinye.

Sai ga wayarka, Sani, watan jiya. Ka ce kun yi shawara ku uku, kafin damina za ka aiko da masu maganin gara su rushe shi, a zuba shaguna a gayaunar, a huta da abin kunyar nan. Ka ce, Baba, ko don jikokinka. Na yi shiru a waya don ba na iya doguwar magana a cikinta, shi ya sa na zauna na rubuta. Gayaunar taku ce, bayan raina ku yi yadda kuka ga dama, ba zan tashi in hana ba. Abin da ya tsaya mini shi ne kalmar da ka faɗa. In 'ya'yan Lami da kansu suka aiko aka rushe shi da sunan abin kunya, to abin da na hana yayana ya yi mata, ku kun yi.

Ga roƙona, guda ɗaya ne. Ka dakatar da mutanen nan. Damina tana tafe. Ɗaya daga cikinku, ko ku duka, ya zo da kansa ya sa gwiwa a ƙasa ya tsinta, ni zan zauna in nuna masa wanda ake ɗauka da wanda ake bari, ni zan dafa. Ku ci abincin uwarku sau ɗaya a gabana, ku san abin da take yi a wurin da bakinku, ba da bakin mutane ba. Bayan haka ku sake shawara, duk abin da kuka yanke ba zan ce komai ba. Amma ku sani abin nan ba ya jiran kowa, safiya ɗaya yake yi. In na kira na ce ya fito, ku kamo hanya, kada a ce mini sai ƙarshen mako.